Tambayoyi da Amsoshi: Shin Kuɗin Shata Yana Iya Riƙe Jirgin Ruwa na Alfarma?

Duk mai halin da ya taɓa tambayar farashin jirgin ruwa na shaƙatawa, ko a Legas ne ko a Dubai ko a gaɓar Faransa, da wuya a ce dillali bai gaya masa cewa jirgin zai riƙe kansa ba, muddin ana bayar da shi shata a makonnin da mai shi ba ya amfani da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai sauran bayani a bayanta, kuma mutumin da ke zaune a Abuja, nesa da teku, ya fi kowa bukatar jin wannan sauran kafin ya sa hannu, domin dukiyarsa za ta yi shekaru a hannun mutanen da ba ya gani.

Yaya wannan tsari yake tafiya?

Harkar ta kasu gida biyu, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne yake rikita lissafin mutane da yawa. Akwai ƙananan jirage masu tsawon mita 12 zuwa 16, waɗanda iska ke turawa, ciki har da mai gangar jiki biyu da ake kira katamaran. Irin waɗannan mutum yakan saya ne ta hannun kamfanin shata, ya bar shi cikin ayarin jiragen kamfanin na tsawon shekara 5 ko 6, ɗan haya mai lasisin tuƙi kuma ya ɗauka ya tuƙa da kansa, ko a haɗa shi da matuƙi. Kamfanin The Moorings, wanda ya fara aiki a tsibirin Tortola na yankin Karibiyan a 1969, da Sunsail da Dream Yacht Charter, duk wannan sana'ar suke yi. Sai kuma manyan jirage masu tsawon mita 24 zuwa sama, waɗanda ke da kyaftin da injiniya da kuku da masu hidimar baƙi a kan albashi. Su ba a saka su cikin ayari. Mai jirgi yakan naɗa babban wakili guda ɗaya da zai tallata shi ga sauran dillalai, a riƙa ɗaukarsa mako-mako.

Nawa ake kashewa a shekara wajen riƙon jirgi?

Ma'aunin da masu harkar suka saba amfani da shi shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin sayen jirgin a kowace shekara, kuma tsohon jirgi yakan wuce haka. A babban jirgi albashin ma'aikata ne yake cin kaso mafi tsoka, domin ana biyansu ko jirgi ya fita ko bai fita ba. Bayan albashi akwai kuɗin wurin ajiya a tasha, da inshora, da gyaran inji da janareto, da fitar da jirgin daga ruwa lokaci-lokaci a kankare cikinsa a sake shafa masa fentin da ke hana ƙananan halittun teku manne masa. Ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe da wayoyin lantarki su huta, saboda haka jirgin da ke ɗaure a tasha ma yana cin kuɗi. Wannan kashi 10 ɗin bai haɗa da faɗuwar darajar jirgin ba, ita ce kuwa asarar da ta fi girma, kuma ita ce dillalai suka fi saurin tsallakewa.

To kuɗin shata zai iya rufe wannan ɗawainiya a babban jirgi?

Zai rage ta, amma da wuya ya rufe ta. Bari mu buga misali da adadin da muka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ɗauka an sayi jirgi a kan Yuro miliyan 10, riƙonsa kuma yana cin Yuro miliyan 1 a shekara, ana bayar da shi shata a kan Yuro 100,000 a mako. Daga wannan kuɗi za a cire la'adar dillalai, wadda a al'adar kasuwar takan kai kashi 20 cikin 100, wato 15 ga dillalin da ya kawo baƙo, 5 kuma ga babban wakilin mai jirgi. Abin da zai shiga hannun mai jirgi ke nan Yuro 80,000 a mako. Idan aka dace da mako 8 a shekara, an sami Yuro 640,000, saura giɓin Yuro 360,000 da zai cike daga aljihunsa. Kafin kuɗin shata ya kai miliyan ɗaya sai an sami mako 13, alhali kakar da ake rububin jirage a Bahar Rum, wato Yuli da Agusta, duka-duka ba ta wuce mako 9 ba, sauran watannin Mayu da Yuni da Satumba kuwa farashi yakan sauko.

Wasu sukan ce sai a tsallaka da jirgin zuwa Karibiyan a ci kakar can, wadda take farawa daga Disamba zuwa Afrilu. Ana yin haka, amma ƙetare Tekun Atlantika yana cin man dizal mai yawa da makonni na tafiya, ko kuma a biya a ɗora jirgin a kan babban jirgin dako, kuma duk lokacin da aka yi ana kai-kawo lokaci ne da ba a yi gyara ba.

Akwai wani abu da yake ruɗin sababbin shiga. A yarjejeniyar MYBA, ƙungiyar dillalan jiragen da aka kafa a 1984, wadda takardarta ce aka fi amfani da ita a Bahar Rum, baƙo yana biyan wani ƙarin kuɗi na kusan kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin shata, domin mai da abinci da abin sha da kuɗin tashoshin da za a tsaya. Wannan kuɗin guzuri ne, kyaftin ne yake kashe shi ya kawo rasit, abin da ya saura kuma a mayar wa baƙo. Haka nan kyautar da baƙi ke bayarwa a ƙarshen tafiya ta ma'aikata ce. Duk wanda ya saka waɗannan biyun cikin kuɗin shigar mai jirgi ya kumbura lissafi ne kawai.

Na ji ana maganar kuɗin shiga tabbatacce. Ba shi ke nan an huta ba?

Wannan tsari na ƙananan jirage ne. Kamfani yana alkawarin biyan mai jirgi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata, abin da aka saba tallatawa kuwa yana kai wa wajen kashi 8 cikin 100 na kuɗin jirgin a shekara, sannan kamfanin ya ɗauki nauyin inshora da wurin ajiya da gyara. Ya yi kama da mai motar haya da ya miƙa wa direba makulli a kan balas ƙayyadadde: ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuɗinsa yana zuwa, amma ranar da aka dawo masa da motar ce zai san ko ya ci riba.

Mu sake buga misali. A ɗauka katamaran ne na Yuro 600,000, ana biyan Yuro 48,000 a shekara, a shekara 5 an karɓi Yuro 240,000. Idan wa'adi ya cika aka sayar da jirgin a kan Yuro 330,000, jimillar abin da ya dawo Yuro 570,000 ne, kafin a cire la'adar dillalin da ya sayar. Ma'ana mutum ya ɗaure Yuro 600,000 na shekara biyar, ya fito da ƙasa da abin da ya zuba, abin da ya samu a tsakani shi ne makonnin da ya yi a kan teku da iyalinsa. Ga wanda dama yake kashe kuɗi mai yawa wajen ɗaukar shatar jirgi kowace shekara, wannan ciniki ne mai ma'ana ƙwarai. Ga wanda yake neman inda kuɗinsa za su haihu, a ganina ba nan ba ne.

Akwai tsari na biyu, inda ake raba kuɗin da jirgin ya samo tsakanin mai shi da kamfani, amma gyara da inshora da kuɗin tasha su koma kan mai jirgi. A shekara mai albarka yakan fi na farko kawo kuɗi, sai dai yana bukatar mutum ya iya karanta takardun lissafi, ya tambayi dalilin kowane gyara, ya kuma jure shekarar da baƙi suka yi ƙaranci, kamar yadda aka gani a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki. Kuma alkawarin biya tabbatacce ma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin kamfanin da ya yi shi. Idan kamfani ya durƙushe, alkawarin ya bi shi.

Zan iya shiga jirgina duk lokacin da na ga dama?

A'a. Manyan kamfanoni sukan ba mai jirgi har zuwa mako 12 a shekara, wasu ma su ba shi damar amfani da irin jirginsa a wasu tashoshinsu na duniya, amma kaɗan ne daga makonnin suke faɗawa a lokacin da kowa ke so, kuma sai an nema tun da wuri. Dogon hutun makarantu a Najeriya yana zuwa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da jirgin ya fi kawo kuɗi a Bahar Rum, hutun ƙarshen shekara kuma ya yi daidai da makonnin da suka fi tsada a Karibiyan. A babban jirgi, duk makon da mai gida ya riƙe wa iyalinsa a Agusta ya cire shi ne daga lissafin da muka yi a sama. Ga mai fasfo na Najeriya akwai kuma batun bizar Turai, wadda idan ta makara makon ya wuce.

Wace irin wahala jirgin yake sha a hannun 'yan haya?

A tashoshin Kuroshiya, ƙasar da tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan ƙananan jiragen shata, al'adar ita ce daga Asabar zuwa Asabar. Jirage suna dawowa ranar Juma'a da yamma, su yi layi a wurin shan mai, mai ninƙaya ya nutse ya duba ƙarƙashin jirgin ko an goga shi da dutse. Da safiyar Asabar baƙi su sauka, masu shara su shiga da bokitai, a canza zannuwan gado, makaniki ya buɗe ɗakin inji ya duba mai, a warware banɗakin da ya toshe, kafin la'asar kuma wasu baƙin sun iso da jakunkunansu. A cikin 'yan sa'o'in nan ake yin duk gyaran da jirgin zai samu a tsakiyar kaka, shi ya sa ƙananan lahani suke taruwa. Jirgin da ya yi shekara biyar a haka injinsa ya yi sa'o'in aiki da jirgin mutum ɗaya ba zai yi ba a shekaru masu yawa, kujerunsa sun koɗe, masu saye kuma suna gane tsohon jirgin shata su rage masa kuɗi.

Waɗanne dokoki ne suke hawa kan jirgi da zarar ya fara ɗaukar baƙi da kuɗi?

Da zarar an karɓi kuɗin haya, jirgin ya tashi daga abin hawa na gida ya zama na kasuwanci, kuma dole a yi masa rajistar da ta dace da haka. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, ta ɗauki duk jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 12 a matsayin jirgin fasinja mai tsauraran sharuɗɗa, wannan ne dalilin da ya sa akasarin jiragen shata, komai girmansu, ba sa kwana da baƙi fiye da 12. Mai babban iyali ya kamata ya san wannan tun farko. Jiragen da suka kai mita 24 kuma suka ɗauki tutar Birtaniya ko ta Tsibiran Kayman, wato aka yi musu rajista a can, suna bin kundin ƙa'idojin manyan jirage da ya shafi kashe gobara da kwale-kwalen ceto da takardun ma'aikata, Malta da Tsibiran Mashal su ma suna da nasu. Yarjejeniyar haƙƙin ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta tanadi kwantiragi da lokutan hutu da wurin kwana mai kyau ga ma'aikata. Mayar da jirgin da aka ƙera don amfanin gida zuwa wannan matsayi yana iya cin kuɗi masu yawa, saboda haka a tambayi matsayin takardunsa kafin a saya.

Sai harajin VAT, wanda ake ɗora wa kuɗin shata a ƙasar da tafiya ta fara: kashi 20 cikin 100 a Faransa, 22 a Italiya, 21 a Sifaniya, 13 a Kuroshiya. Baƙo ne yake biya, amma nauyin karɓa da miƙawa ga hukuma yana kan mai jirgin ko kamfanin da aka yi rajistar jirgin da sunansa. A nan gida ma, mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko da daga waje ne, mazauna Abuja kuma hukumar harajin Babban Birnin Tarayya ce take karɓa.

Me zai hana a ajiye jirgin a Legas, kusa da gida?

Ba abin da zai hana, kuma ga wasu ya fi, domin tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgin sama daga Abuja, mutum yana iya zuwa ba tare da sanarwa ba ya ga halin da kayansa ke ciki. Sai dai kasuwar daban ce. A Legas ba a cika ɗaukar jirgi na mako guda ba. Ana ɗaukarsa ne na sa'o'i ko na yini, daga Ikoyi ko Lekki zuwa wuraren shaƙatawa na bakin teku irin Tarkwa Bay ko Ilashe, domin biki ko taron kamfani, cinikin kuma ya fi yawa a ƙarshen mako da watan Disamba. Irin wannan haya tana gajiyar da jirgi da sauri saboda yawan jama'a a ɗan lokaci. Ruwan ma yana da nasa matsalolin: leda takan toshe bututun da ke sanyaya inji, kainuwa kuma takan naɗe farfela a lokacin da ta yi yawa. Kayan gyara daga waje ake kawo su da dala, kuɗin haya kuwa da naira ake karɓa.

Ta fuskar hukuma, NIMASA ce take rajistar jiragen ruwa, NIWA mai hedikwata a Lakwaja tana kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, jihar Legas kuma tana da tata hukumar, LASWA. Dokar sufurin gaɓa ta 2003 ta keɓe kasuwancin sufuri a ruwan Najeriya ga jiragen 'yan ƙasa masu rajistar Najeriya, sai in an sami sassauci daga hukuma, saboda haka kada a ɗauka jirgi mai tutar waje zai shigo ya fara ɗaukar baƙi kai tsaye. Tafkin Jabi da ke Abuja kuwa na ƙananan jirage ne masu zagayawa da mutane na ɗan lokaci. Sana'a ce mai zaman kanta, jarinta da lissafinta ba irin waɗannan ba ne.

Yaya canjin kuɗi yake shafar lissafin?

Yana iya rusa shi gaba ɗaya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a cikin watan Fabrairun 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda yake cike giɓin riƙon jirginsa daga kuɗin da yake samu da naira ya ga nauyin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara ko sisi a takardar kuɗin da aka aiko masa ba. Wanda kasuwancinsa ke kawo dala ko Yuro ne kaɗai zai iya yin wannan lissafi da kwanciyar hankali.

Ma'aikacin gwamnati zai iya shiga wannan harka?

Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, ya hana ministoci da gwamnoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a waje, ya kuma wajabta bayyana kadarori ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Dillalai da bankunan Turai su ma suna tambayar asalin kuɗi. A Yulin 2017 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara tana neman ƙwace jirgin Galactica Star mai tsawon mita 65, bisa zargin cewa da kuɗin cin hanci na harkar man Najeriya aka saye shi, kuma irin wannan shari'a tana sa a ƙara bincikar mai saye daga Najeriya ko da kuɗinsa na halal ne.

Mene ne matsayin wannan ciniki a addini?

Bayar da abin hawa haya a kan kuɗi sananne da lokaci sananne halal ne a asalinsa, babin ijara ne da littattafan fiƙihu suka yi bayaninsa. Inda ake bukatar tsayawa a duba wurare uku ne. Na farko, yawancin tayin da ake kawowa suna tafe da rancen banki mai kuɗin ruwa, inda mutum zai biya wani kaso a ranta masa sauran, a ce kuɗin shata zai riƙa biyan bashin; wanda yake gudun kuɗin ruwa sai ya saya da kuɗinsa lakadan ko ya nemi tsarin da babu ruwa a ciki. Na biyu shi ne inshora, wadda da wuya a sami tashar da za ta karɓi jirgi ba tare da ita ba, malamai da yawa kuma suna da magana a kan inshorar kasuwanci, shi ya sa ake neman takaful, wato inshorar Musulunci, inda ya samu. Na uku, kuma wanda na fi ganin ana kawar da kai daga gare shi, shi ne abin da ake yi a cikin jirgin. A shatar Turai da Karibiyan giya tana cikin guzurin da ake saya wa baƙi, a babban jirgi ma ma'aikatan da mai jirgi ke biya albashi ne suke zuba ta. Mai babban jirgi yana da ikon gindaya sharaɗin hana ta, amma ya sani cewa baƙinsa za su ragu ƙwarai. Wanda jirginsa ke cikin ayarin kamfani kuwa ba shi da ta cewa a kan wanda zai ɗauka.

Game da zakka, abin da jumhurun malamai suka tafi a kai shi ne ba a fitar da ita a kan abin da aka ajiye don haya, ana fitar da ita ne a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi kuma ya shekara, ɗaya bisa arba'in. Idan kuwa an sayi jirgin ne da niyyar sayarwa, hukuncin kayan fatauci ne yake hawa kansa. Ya kamata a kai wa malami takardar yarjejeniyar kanta ya karanta, domin fatawa tana bin abin da aka rubuta ne.

Idan guguwa ko hatsari ya lalata jirgin fa?

Kakar guguwa a Tekun Atlantika tana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a Satumbar 2017 guguwar Irma ta ragargaza jiragen shata masu ɗimbin yawa a Tortola da maƙwabtanta, har da waɗanda aka ɗaure a mafakar da ake ganin ta fi aminci. A karanta takardar inshora a ga ko ta ƙunshi guguwa mai suna, wato babbar guguwar da masana yanayi suka raɗa wa suna kamar Irma, nawa ne kason da mai jirgi zai fara biya da kansa, kuma ko kuɗin wata zai ci gaba da zuwa a watannin da jirgin yake wurin gyara.

Me ya kamata a tabbatar da shi kafin a sa hannu?

Abu na farko shi ne sunan wa ke kan takardar mallaka, domin a wasu tsare-tsaren mutum yana biyan wani kaso ne kawai na kuɗin, jirgin kuma ya zauna da sunan kamfani har wa'adi ya cika, wanda ke nufin idan kamfanin ya faɗa bashi masu bin sa suna iya kama jirgin. A nemi lissafin gaske na jirage irin wannan a tasha ɗaya na shekarun baya, a kuma nemi magana da mutanen da wa'adinsu ya riga ya ƙare, domin su ne suka san yadda ake rabuwa. Lauyan da zai karanta takardar ya zama masanin dokar teku ne wanda mai saye ya ɗauka da kuɗinsa, kada ya zama wanda dillali ya kawo.

Sashen da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne na mayar da jirgi a ƙarshen wa'adi. A rubuta dalla-dalla irin gyaran da kamfani zai yi kafin ya miƙa shi, da wanda zai biya, da yawan kwanakin da mai jirgi yake da su na kawo ƙorafi. A kuma rubuta cewa mai jirgi yana da ikon kawo ƙwararren mai binciken jirage mai zaman kansa, a fitar da jirgin daga ruwa a gabansa, ya duba gangar jiki da inji da igiyoyin ƙarfe, kuma kamfani ba zai sallami kansa ba sai an gyara duk abin da rahotonsa ya lissafa.